Wasiƙa zuwa ga Bashir a kan zaɓen babur mai ƙafa huɗu

Tudun Wada,
Kaduna.

Zuwa ga aminina Bashir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara, ina kuma fatan aiki yana tafiya yadda ake so a can Riyad. Mu nan Kaduna lafiya lau muke, sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso ni, na kuma karanta shi da natsuwa. Na fahimci cewa hawan da kake yi a rairayin Thumama ranakun hutu ya kai ka ga niyyar sayen babur mai ƙafa huɗu irin na wasa, ka auno shi gida domin ka riƙa hawa idan ka zo, har ranar da Allah zai dawo da kai gaba ɗaya. Ka lissafa mini guda huɗu da ka samu a hannun masu sayarwa, wato Yamaha Raptor 700R, da Yamaha YFZ450R, da tsohon Banshee, da Honda TRX400EX, ka kuma ce zuciyarka ta fi karkata ga YFZ450R domin kowa a can yana cewa shi ne na tsere. Maganar ta fi ƙarfin gajeren saƙon waya, shi ya sa na zauna in rubuta maka ita filla-filla, gwargwadon abin da na sani daga waɗanda suka biyo ta garejina da waɗanda na hau da kaina.

Ra'ayina tun daga farko shi ne ka ɗauki Raptor 700R. Ba don ya fi YFZ450R ƙira ba, domin a filin tsere bai fi shi ba. Dalilina shi ne ƙasar da za ka hau shi a kanta idan ya iso. Abin da ka saba da shi a can rairayi ne mai taushi da faɗi, babu kututture, babu kunya, babu mai kora shanu, kuma idan ka buɗe totur babu abin da zai tare ka sai tudun yashi na gaba. Namu kuwa ka san shi. Daga Rigachikun ka nufi ƙauyukan Igabi, ko ka bi bayan Maraban Jos wajen Kangimi, abin da ke ƙarƙashin tayarka jar ƙasa ce mai marmara da tsakuwa, wadda da rani take bushewa ta yi tauri, ta kuma yi ƙananan tudu a jere masu girgiza haƙora, da damina kuma ruwa ya yayyanka ta ya bar kwazazzabai. Ga burtali matsattse tsakanin gonaki, ga fadama mai laka baƙa da ke riƙe taya, ga duwatsu idan ka yi kudu wajen Kajuru. A irin wannan wuri, lokacin da mahayi zai kai giya ta biyar kaɗan ne ƙwarai. Mafi yawan tafiyar a giya ta biyu da ta uku ake yin ta, ana lallaɓawa, ana kauce wa rami, ana hawa gangare daga tsaye.

A nan ne bambancin injinan biyu yake fitowa. Raptor 700R yana da inji mai silinda ɗaya, cc 686 (cc shi ne ma'aunin girman inji), kuma tun fitowarsa a 2006, lokacin da ya maye gurbin Raptor 660R, injekta yake amfani da ita maimakon kafireto. Fistin ɗinsa babba ne, saboda haka ƙarfin jansa yana zuwa tun injin bai ɗauki ƙara ba. Za ka iya shiga kwana a giya ta uku da ƙaramin gudu, ka danna totur kaɗan, ya fizge ka ya fitar ba tare da ka taɓa kuloci ba. Idan ka tsaya a gindin gangare mai tsakuwa, ya tashi daga nan ya haye ba da kuka ba. YFZ450R kuwa cc 449 ne, mai bawul biyar na ƙarfen titaniyom, an kuma ƙera shi ne domin ya yi juyi da sauri sosai. Ƙarfinsa yana sama, wato sai injin ya ɗauki ƙara kafin ya nuna abin da ke cikinsa, kuma idan ya nuna, fizgar tasa ta fi ta Raptor kaifi. Amma hakan yana nufin hannun hagu da ƙafar hagu ba sa hutawa, kullum kana canza giya, kullum kana wasa da kuloci domin kada juyin injin ya sauka. A fili mai santsi wannan aiki daɗi ne da shi, har ma shi ne abin da masu tsere ke nema. A burtalin da kake tafiya da gudun mai keke kuwa, injin yakan yi zafi, yakan mutu idan ka yi sakaci da kuloci, kai kuma ka gaji tun tafiya ba ta yi nisa ba. Gaskiya ne tun 2014 an sa masa kuloci mai sauƙin matsawa wanda ke hana tayoyin baya ƙullewa idan an sauko da giya da ƙarfi, kuma gyara ne mai amfani, amma bai canza halin injin ba.

Sai dai maganar inji ita ce mai sauƙi. Wadda ta fi muhimmanci, wadda kuma masu saye suka fi wofintarwa, ita ce yadda babur ɗin ke karɓar kwana. Duk huɗun da ka lissafa tayoyin baya kaɗai ne ke jan su, kuma tayoyin nan biyu suna kan sandar ƙarfe guda ɗaya ce, wadda sarƙa ke juyawa. A mota akwai na'urar da ke barin tayar waje ta fi ta ciki juyi idan ana kwana, domin tafiyar da ke gabanta ta fi tsawo. Waɗannan babura ba su da ita, tayoyin biyu tilas su juya tare. Saboda haka idan ka karya kan babur kana zaune daram a tsakiyar kujera, bayan zai ci gaba da tura ka miƙe, idan kuma ƙasar ta kama taya da kyau, sai tayoyin ciki su ɗaga sama, nauyin ya koma waje, babur ya nemi kifewa. Maganin abin a jikin mahayi yake. Za ka zame da ƙugunka da kafaɗarka zuwa cikin kwanar, ka matsa gaba domin tayoyin gaba su kama, ka taka matakin waje da ƙarfi, sannan ka ba shi wuta daidai yadda bayan zai ɗan zame ya biyo. Wanda ya taɓa kallon 'yan folo a filin Murtala ya ga irin wannan zama, domin mahayin kirki ba ya jibge kansa a kan sirdi, a kan likkafa nauyinsa yake, yana karkata kafin dokin ya karkata. Wanda ya zo daga babur mai ƙafa biyu yakan sha wahala a nan, saboda jikinsa ya saba babur ya kwanta tare da shi, wannan kuwa ba ya kwanciya.

To, a wannan fanni dole in ba YFZ450R haƙƙinsa, domin ya fi Raptor nesa ba kusa ba. Faɗinsa kusan santimita 124 ne, na Raptor kuwa kimanin 118. Kujerarsa ta fi ƙasa, injinsa ya fi ƙanƙanta kuma yana zaune can ƙasa cikin firam, nauyinsa da mai da komai wajen kilo 184, na Raptor kuma wajen kilo 192. A takarda waɗannan bambance-bambance ƙanana ne, amma a kwana sai ka ji su a jikinka. YFZ450R yana manne da ƙasa, yana zame bayansa a miƙe ba tare da ɗaga ƙafa ba, kuma kujerarsa siririya ce a gaba, mai faɗi a baya, yadda mahayi zai zame daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da wani abu ya tare shi ba. Raptor dogo ne, nauyinsa yana sama, kuma idan ka shiga kwana da gudu a busasshiyar marmara za ka ji yana son ɗaga tayoyin ciki, sai ka yi aiki da jikinka sosai kafin ya natsu. Ban ɓoye maka wannan ba, kuma ina so ka riƙe shi a ranka ko da ka bi shawarata. Abin da ya sa bai canza ra'ayina ba shi ne, fifikon YFZ450R yana bayyana ne a gudun da hanyoyinmu ba sa ba da damarsa sai jefi-jefi, kuma faɗin da ke taimakonsa a fili shi ne ke sa tayarsa ta riƙa hawa kunyar mutane ko ta bugi kututture a matsattsen wuri. Mai gona ba zai yi maka uzuri ba idan ka tattake masa masara, kuma yana da gaskiya.

Haka abin yake a wajen shokozoba. Na YFZ450R an saita su ne domin tsalle da sauka da ƙarfi, saboda haka suna da tauri, sai ana gudu suke aiki yadda ya kamata. A tafiyar hankali kan tsakuwa, duk abin da taya ta taka sai ya iso wuyan hannunka da ƙashin bayanka. Na Raptor sun fi taushi, kujerarsa ta fi kauri, zamansa ya fi sakewa ga mutum mai jiki irinka, kuma za ka iya wuni a kansa ka sauko ka yi salla ba tare da gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa ba. Dukansu biyu ana iya sassauta su ko a ƙara musu tauri, amma saiti ba ya mai da wannan ya koma wancan.

Akwai abu ɗaya da nake ganin shi kaɗai ya isa ya raba gardama, wato ribas. Raptor yana da giya biyar da ribas. YFZ450R ba shi da ita, haka ma Banshee. A rairayin Thumama ba za ka taɓa jin rashinta ba, domin ko'ina wurin juyawa ne. A nan kuwa, ranar da hanya ta ƙare maka a bakin kwazazzabo, ko gabanka ya nutse a lakar fadama, sai ka sauka ka kama ƙarfen baya ka ja kilo 184 da hannunka, cikin zafin watan Maris ko cikin taɓo har gwiwa.

Wani abin da duka huɗun suka yi tarayya a kai shi ne ƙarancin tazara tsakanin cikinsu da ƙasa. A baya, inda faifan birki da haƙorin sarƙa suke, abin da ke tsakaninsu da ƙasa bai wuce santimita 11 zuwa 14 ba. Dutse ɗaya a tsakiyar hanya ya isa ya lanƙwasa faifan ko ya tsinka sarƙa, don haka farantin kariya mai kauri a ƙarƙashi ba ado ba ne a wajenmu. Sannan ka kula da iskar taya. Waɗannan tayoyi fam 4 zuwa 5 suke sha, alhali mai facin bakin titi ya saba da fam 30 na mota, kuma ma'auninsa ba ya ma nuna ƙaramin adadi irin wannan. Idan aka cika su da iska, babur ya riƙa tsalle, ya daina kama ƙasa. Idan kuma ta dama ta fi ta hagu ko da fam ɗaya ne, zai riƙa ja gefe guda, domin tayar da ta fi kumbura ta fi girma alhali sanda ɗaya ke juya su. Na ga mutane suna zargin firam ko sitiyari a kan abin da ƙaramin ma'aunin iska zai warware.

Game da Banshee, ina ƙaunarsa, kuma na san abin da ya sa idonka ya tsaya a kansa. Injinsa mai bugu biyu ne, dangin na Jincheng mai hayaƙi da 'yan acaɓa suka yi yayi, sai dai shi silinda biyu ne, cc 347, mai sanyaya da ruwa, da giya shida. Ya fito a 1987, aka daina sayar da shi a Amurka bayan 2006, ko da yake ya ƙara wasu shekaru a wasu kasuwannin. A ƙasa ba shi da ƙarfi ko kaɗan, sai juyi ya kai wani matsayi sannan ya fashe gaba ɗaya lokaci guda, kuma wannan hali shi ya sa har yau masu hawan yashi ba su rabu da shi ba. Amma da ƙafa ake tayar da shi, sai an gauraya masa baƙin mai da fetur a duk shan mai, kafireto biyu ne da shi da ke buƙatar a daidaita su tare, fulogi kuma yakan jiƙe idan aka daɗe ana tafiyar hankali. Shokozobansa na zamanin da ne. Babur ne na yashi, ka bar shi inda yashin yake.

TRX400EX kuwa shi ne na biyu a lissafina, kuma da kuɗi ne matsalar da shi zan ce ka saya ba tare da jinkiri ba. Honda ta fitar da shi a 1999 da injin cc 397 da ta samo daga babur ɗinta na daji XR400R. Iska ce ke sanyaya shi, ba shi da lagireton da laka ko ƙaiƙayin ciyawa za su toshe, kafireto ne da shi wanda duk makanikin kirki a Fanteka zai kwance ya wanke ya mayar. Ba shi da zafin gudu irin na sauran, amma ƙarfinsa a shimfiɗe yake daga ƙasa har sama, kansa mai sauƙin juyawa ne, kuma ba ya ba mahayi mamaki. Ka duba shekararsa, domin sai daga 2005 aka sa masa ribas. Abin da ya rage masa daraja a idona shi ne tsufa, da kuma cewa injin da iska ke sanyayawa yana wahala idan ana lallaɓawa cikin zafin bazara. Idan ka ci karo da Suzuki LT-Z400 mai lafiya, shi ma ajinsu ɗaya, yana da ribas, ruwa ke sanyaya shi, ya kuma ɗan fi shi kuzari.

Maganar tsufa ta kawo ni ga kayan gyara. Akwai lokacin da kusan kowane kamfani ke da irin wannan babur na tsere, Honda na da TRX450R, Suzuki na da LT-R450, Kawasaki na da KFX450R. Bayan durƙushewar tattalin arzikin duniya a 2008 ciniki ya ja baya, masu saye kuma suka koma ga ƙananan motocin daji masu sitiyari da kujeru gefe da gefe, har zuwa wajen 2014 yawancin waɗancan aka daina ƙera su. A cikin kamfanonin Japan, Yamaha ce ta ci gaba da fitar da manyan guda biyu, wato Raptor 700R da YFZ450R. Ga wanda zai ajiye babur a Kaduna, inda kowane boris da kowane bawul sai an yi odarsa daga waje, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tsakanin biyun kuma, YFZ450R ya fi neman kulawa, yana son a riƙa juye masa baƙin mai akai-akai, a riƙa duba bawul, kuma matsin injinsa mai yawa ne, don haka ba ya haƙuri da fetur marar kyau. Raptor ya fi jimiri. Shaida a kan haka ita ce gasar tseren motoci da babura ta Dakar, wadda a da take ratsa Agadas da hamadar Tenere, ta koma Kudancin Amurka a 2009, sannan ta koma Saudiyya, can inda kake, tun 2020. Daga 2009 har 2024, duk wanda ya ci rukunin masu ƙafa huɗu a kan Yamaha ya ci, kuma Raptor 700 shi ne abin hawan da aka san rukunin da shi. An yi wa na gasar gyare-gyare masu yawa, amma tushen injin shi ne wannan da kake dubawa, kuma dogon zango cikin ƙura ya fi kama da rayuwar da zai yi a nan fiye da zagayen filin tsere.

Ka ambaci cewa za ka riƙa leƙa gona da shi. Leƙawa kam zai yi, amma ba shi da wurin ɗora buhun taki, ba a kuma ƙera shi domin jan kaya ba. Idan aikin gona ne a ranka, irin su Yamaha Grizzly masu jan ƙafa huɗu da shimfiɗar kaya gaba da baya su ne na wannan, kuma magana ce daban.

Akwai abin da nake roƙonka a kai don Allah, domin na san gidanku da yawan yara, kuma ranar da babur ɗin ya iso kowa zai so a ɗana shi. Kujerar doguwa ce domin mahayi ya samu wurin matsawa gaba da baya, ba domin goyo ba, kuma mutum na biyu yana hana wannan motsi, yana kuma sa gaba ya ɗaga a gangare. Masu ƙera su sun rubuta a jikinsu cewa kada wanda bai kai shekara 16 ba ya hau, kuma kada a hau su a kan kwalta, saboda kwalta ba ta barin tayar baya ta zame, sai dai babur ya kife. Ganin ƙafa huɗu yana sa mutane su ɗauka ba ya faɗuwa. Masu ƙafa uku da suka gabace su an daina sayar da su a Amurka a 1988 saboda yawan haɗari, kuma ƙarin taya ɗaya ya rage matsalar ne kawai, bai kawar da ita ba. Hular kwano da takalmi mai rufe idon sawu dole ne, kuma kada ka taɓa sauke ƙafa ƙasa kana tafiya kamar yadda ake yi a babur, domin tayar baya tana daf da diddigenka. Batun inda za a shiga da inda ba za a shiga ba a daji kuwa, sai ka zo mu tambayi mutanen wurin a lokacin, kamar yadda muke yi kafin kowace fita.

Kafin ka biya kuɗin Raptor ɗin, ka sa a tayar da shi a gabanka injin yana sanyi, ka saurari ƙarar samansa, ka duba ko salansa na fitar da shuɗin hayaƙi. Ka buɗe akwatin matatar iska ka shafa yatsa a bututun da ke bayanta, idan ka ji yashi to injin ya sha shi, ka haƙura da wannan ka nemi wani. Ka ɗaga bayansa ka juya tayoyi ka ga ko sandar ta lanƙwashe, ka girgiza tayoyin gaba ka ji ko akwai wasa, ka haska tocila a mahaɗan firam ka nemi tsaga ko sabon walda, ka kuma gwada ribas da fankar lagireto. Idan ya tsallake waɗannan, ka haɗo shi da matatar iska ta soso guda biyu saboda ƙurar hunturu, da matatar baƙin mai, da sarƙa da haƙoranta, da takalman birki, da farantin kariya na ƙasa, da ƙarafan gefe masu raga da ke tare ƙafa, da ƙaramin ma'aunin iskar nan. Ka tabbata takardun saye da lambar firam sun dace da juna saboda kwastan. Ka turo mini hotunansa ta kowane gefe da ɗan bidiyon ƙarar injin kafin ku gama ciniki, zan duba in faɗa maka abin da na gani.

Ka gaishe mini da uwargida da yara. Hajiya da mutanen gida duk suna gaishe ka.

Wassalam.

Naka amini,
Nura